Alkawari Biyu a Kan Tafki Ɗaya

Sa'idu ya iso Tungar Faru ranar Talata da hantsi, cikin wata farar Fijo mai lambar Legas, a shekarar da aka canza kuɗi aka rufe iyakar ƙasa. Ina zaune a zauren mai gari ina rubuta wasiƙa na ji ƙarar mota, amma ban ɗaga kai ba, don na san ko wane ne. Sati biyu ke nan garin ba shi da zance sai nasa. Innarsa, wadda ƙanwar mahaifina ce, ta sa an shafe ɗakin baƙi da farar ƙasa har sau biyu, kai ka ce gwamna ne zai sauka.

Ni da Sa'idu taubasai ne, kuma sa'o'in juna. Tare aka kai mu firamare a Anka, a tabarma ɗaya muke kwana. Da aka yi jarrabawar shiga sakandare ni na zo na ɗaya, shi ya zo na huɗu. Ina so a riƙe wannan da kyau, don mutanen garinmu sun manta. A daminar wannan shekarar mahaifina ya rasu, ni ne babba, aka ce in dawo in riƙe gona. Shi kuwa ya wuce Sakkwato, daga can Zariya ya karanta shari'a, daga can Legas, ma'aikatar harkokin waje, inda aka ce aikinsa shi ne duba yarjejeniyoyin da ƙasarmu ke ƙullawa da wasu ƙasashe.

Ni na zama malamin mai gari Yusufu. Kunnensa na hagu ya daɗe da mutuwa, saboda haka duk wanda ke zaune a damansa shi yake ji. Shekara goma sha huɗu ina zaune a wannan wurin a kan buzun rago. Ni ke karanta masa takarda, ni ke rubuta amsa, in magana ta cije ni yake juyowa ya kalla ya ce, "Dalhatu, mi kag gani?" Ba ni da mota, ba ni da digiri. Wannan wurin zaman shi ne abin da na mallaka, kuma ban taɓa zaton akwai ranar da za a ce in matsa ba.

Sa'idu ya tuɓe takalmi, ya durƙusa ya gai da mai gari yadda ya kamata, wannan kam ba zan yi masa ƙarya ba. Sannan ya juyo gare ni yana dariya.

"Taubashi! Har yanzu kana nan kana cinye wa mai gari goro?"

"Ina nan," na ce. "Kai ko Legas ta aske ma kai ba ka biya wanzami ba. Ina gashin yat tahi?"

Aka yi dariya. Ya rungume ni, wani turare na tashi daga rigarsa wanda ban taɓa jin irinsa ko a kasuwar Gummi ba. Hausarsa ma ta koma irin ta rediyo. Na yi murna da ganinsa, wallahi na yi. Sai dai murnar ba ta kai azahar ba.

Ya tarar da mu cikin wata damuwa. A bayan gari muna da tafki wanda ba ya ƙafewa sai gab da damina. Kusan shekara arba'in da suka wuce mahaifin mai gari ya yi alkawari da mahaifin Ardo Jaɓɓi, shugaban wasu Fulani da ke gangarowa daga Nijar kowane rani: in an kwashe amfani, shanunsu za su ci karan gonakinmu, su sha tafkin har ruwa ya sauka, su bar mana taki. Ba a rubuta komai ba. Haka aka yi ta yi har babban farin da ya kashe dabbobi shekara goma sha ɗaya kafin wannan, daga nan ba mu sake jin ɗuriyarsu ba. Da shiru ya yi yawa, sai wani Ardo Mamuda daga wajen Gummi ya zo neman tafkin. Mai gari ya tambaye ni, na ce masa Jaɓɓi ya tafi ke nan. Ni na rubuta takardar da hannuna, cewa tafki na shanun Mamuda ne daga kaka zuwa ruwan farko, aka kai ta Anka aka buga mata hatimi. Shekara biyar ana zaune lafiya.

To a wannan shekarar damina ta sake ƙin yi. Kwana uku kafin zuwan Sa'idu sai ga Ardo Jaɓɓi ya ɓullo ta daji da shanu duk ƙashin haƙarƙari a waje, ya sauka arewa da gari. Mai gari ya roƙe shi ya dakata tukuna, suka riƙa tonon yashin rafi suna shayarwa da ƙwarya. Mamuda kuma ya aiko cewa yana isowa ran Jumma'a, da takardarsa a aljihu. Tafkin ko rabi bai kai ba. Ba zai ɗauki garke biyu zuwa damina ba.

Ni tun ranar farko na faɗi abin da na gani. Takarda mai hatimi ta fi maganar baka, kuma sabon alkawari ya shafe tsoho. Mai gari ya ji, amma bai amsa ba, domin shi da Jaɓɓi tare suka yi ƙuruciya a bakin tafkin nan. Ina ta lallaɓa shi, na kusa shawo kansa, sai ga Fijo.

Bayan azahar mai gari ya ce a ba Sa'idu takardar. Ya karanta ta sau ɗaya kawai, ni kuwa kwana biyu na yi ina tsara ta.

"Ranka ya daɗe, Ardo Jaɓɓi ya dangwala hannu a wannan?"

"A'a. Ba shi nan sa'adda anka yi ta."

"An aika masa an ce ga abin da za a yi?"

"Ina za mu gane shi?"

"To ba ta hau kansa ba," in ji Sa'idu. "Irin wannan shi ne aikina kullum. A ce Najeriya ta yi alkawari da Nijar, daga baya ta yi wani da Kamaru wanda ya ci karo da na farko. Ba za ta je ta ce wa Nijar naki ya mutu ba, don Nijar ba ta wurin. Sabo yana shafe tsoho ne kawai idan waɗanda suka ƙulla tsohon su ne suka zauna suka ƙulla sabon."

Na ce, "Ke nan a yaga takardar Mamuda? Da hatimi da komi?"

"A'a, taubashi, ita ma tana nan daram. Mamuda bai yi laifin komai ba. Gari ne ya ɗaure kansa da igiya biyu." Ya faɗa a hankali, bai ko dube ni ba, amma kowa a zauren ya san wanda ya murza igiya ta biyu. "Ba wanda za a kora. Za a je wurin kowannensu a amsa kuskure, a roƙe shi ya sassauta. Su riƙa shan tafki yau wannan gobe wancan, gari kuma ya fito ya gina musu rijiyoyi a fadama don cike abin da ya rage."

Zauren ya ɗauki "Haka na, haka na." Liman ya gyaɗa kai. Bala mahauci, wanda jiya-jiyan nan yake ce mini maganata ce daidai, ya buɗe baki yana kallon Sa'idu har ƙuda na neman shiga. Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganar tana da kyau. Na juya ta ta ko'ina a zuciyata ban samu inda zan kama ba.

Mai gari ya karkato kai. "Ban jiya duka ba. Dalhatu, matsa ka ba shi wuri shi zamna nan, in ji shi da kyau."

Na matsa. Na koma kusa da ƙofa inda ake ajiye takalma, Sa'idu ya naɗe ƙafa a kan buzuna ya sake maimaita komai daga farko. Na ga mai gari yana murmushi, irin wanda ban ga ya yi ba tun da Jaɓɓi ya sauka. Kishi ya taso mini, ba ni da wani suna da zan ba shi. Kishi ne, irin na ɗan'uwa, wanda ba ka da wanda za ka kai wa ƙara.

Sa'idu ya tambaya ko akwai wata shaida ta alkawarin farko. Mai gari ya ce, "Akwai nagge tasu cikin garkena, ja mai karyayyen ƙaho. Tun uwar uwatta..." Bai ƙarasa ba wani ɗan saƙo ya yi sallama a kan babur. Ana neman masu gari duka a Anka gobe da safe, taro kan baƙin makiyaya da ke tsallako iyaka, kuma zai ɗauki kwana biyu. Zance ya watse. Da mai gari zai shiga gida ya ce, "Gobe ku tahi wurin Jaɓɓi. Abin da Sa'idu yac ce shi za a yi. Dalhatu, kai ka raka shi." Wato ni ne ɗan rakiya.

Bari in faɗi abin da mai gari bai ƙarasa ba. Fulani suna da al'adar ba aboki aron saniya, ya riƙe ta ta haihu sau uku, 'ya'yan su zama nasa, sannan ya mayar da uwar. Wannan kowa ya sani, Sa'idu ma ya sani. Abin da bai sani ba, don tun yana shekara goma sha biyu ya bar gari, shi ne wannan saniyar ba irin waccan ba ce. Ranar da aka ƙulla alkawarin tafki, mahaifin Jaɓɓi ya ce kada a mayar da ita ko ta haihu sau goma. In ta mutu 'yarta ta tsaya a madadinta. Ya ce, "Ku bar ta nan. Ran da kunka gaji da mu ba sai kun hwaɗi da baki ba, ku maido ta, mu gane." Mahaifina yana wurin, shi ya ba ni labari, kuma ba sau ɗaya ba.

Washegari da safe, bayan mai gari ya kama hanyar Anka, Sa'idu ya zo gidana. Matata Hure ta dama masa fura da nonon da ta ce mini jiya ya ƙare. Ya zauna yana ba ta labarin jirgin sama da teku, tana ta dariya har da riƙe ciki. Da ta zo ɗaukar ƙwarya ta ce, "Ashe haka ilimi yake, Malam. Magana guda ya warware abin da anka kwana uku ana yi." Ba da wata manufa ta faɗa ba, na san Hure. Amma da ta watsa mini ruwan zafi da ya fi mini sauƙi.

Da ta shiga ciki Sa'idu ya matso. "Taubashi, na yi tunani a kan saniyar nan. Shekara arba'in aron saniya bai koma ba? Ai mu ne da laifi tun kafin maganar tafki. A aikinmu ba ka zuwa roƙon mutum ya sassauta maka alhali kana riƙe da haƙƙinsa. Ga shi kuma fari ya cinye masa dabbobi, saniya mai ƙiba ɗaya ba ƙaramin abu ba ce gare shi yanzu. Mu tafi masa da ita. Zai ga da gaske muke."

Na dube shi, fuskarsa cike da jin daɗin dabararsa.

"Ko akwai abin da ban sani ba?" ya ce. "Kai ne a gari, ka fi ni sanin mutanen nan."

Amsar tana kan harshena. Kalma goma ta isa. Na tuna buzuna, na tuna inda na zauna jiya kusa da takalma, na tuna cewa gobe in an sasanta Jaɓɓi da Mamuda, har jikokinmu za su riƙa cewa Sa'idu ne ya zo daga Legas ya gyara abin da Dalhatu ya ɓata. Na ce a raina, sau ɗaya dai, sau ɗaya tak a rayuwarsa, bari shi ma ya taka ƙaya. Ban yi tunanin Jaɓɓi ba ko kaɗan, gaskiyar magana ke nan.

Na ce, "Kai anka bar ma magana."

Muka je garken mai gari. Tsoho Ɗanjuma mai kula da shanun ya ji abin da muke so, ya tsaya da igiya a hannu, bai dubi Sa'idu ba, ni ya duba.

"Malam Dalhatu, wagga ja? Ita za a kai?"

"Ka ji abin da mai gari yac ce jiya," na amsa. "Abin da Sa'idu yac ce shi za a yi."

Ya ɗaure ta ya miƙa mana. Sa'idu da kansa ya riƙe igiyar, da takalminsa mai ƙyalli, saniya na fizgarsa yana tuntuɓe yana dariya. Muka ratsa gari. Wasu dattawa a gindin faru suka bi mu da ido, amma da suka gan ni a baya suka ɗauka umurnin mai gari ne, ba wanda ya tanka.

Tun daga nesa Ardo Jaɓɓi ya hango mu. Dogon tsoho ne, ya rame har rawaninsa ya yi masa yawa. Ya miƙe tsaye, ya dogara sanda, idonsa a kan saniyar har muka iso. Ya sa aka shimfiɗa mana tabarma, aka kawo ɗan nono a ƙasan ƙwarya, na san shi ke nan abin da suka tatsa a ranar.

Sa'idu ya yi magana, kuma ya iya magana. Ya amsa kuskuren gari, ya ce alkawarin iyaye yana nan, ya kawo zancen yau wannan gobe wancan, da rijiyoyin fadama. A ƙarshe ya ce ga saniyarsu da ta daɗe a hannunmu, mun kawo don kada a ce mun riƙe abin da ba namu ba.

Ardo ya saurare shi har ya gama. Sannan ya ce, "Yusuhu na yac ce a kawo ta?"

"Da yawunsa muka zo," in ji Sa'idu.

Tsohon ya juyo gare ni. "Kai ba ɗan Nuhu na ba? Na san ubanka. Shina nan ran da anka ɗaure ta."

"Ni na, Ardo."

Ya jira. Na san abin da yake jira, na sunkuyar da kai ina kallon saƙar tabarma. Da ya ga ba zan ce komai ba, ya tashi ya je wurin saniyar, ya shafa wuyanta, ya duba tsagar kunnenta.

"Tamu ta," ya ce. "Ku gaishe shi. Ku ce mishi ba sai an gina rijiya ba. Mun gode da ruwan da munka sha."

A hanyar dawowa Sa'idu sai tsalle-tsalle yake kamar wanda ya ci jarrabawa. "Ka gani? Ya karɓa! Har ya ce ba sai an wahala da rijiya ba. Mutumin kirki ne wallahi." Ni kuwa wani daɗi ne ya cika mini ciki, mai ɗumi, ba zan ɓoye ba. Bai daɗe ba. Da la'asar muka hango matan Fulanin suna kwance bukkoki suna ɗora wa jakuna. Kafin hantsin Alhamis ba kowa a wurin sai toka da kashin shanu. Sun yi kudu, wajen Zuru, tafiyar kwana huɗu ba tabbacin ruwa, da dabbobin da wasunsu sai an ɗaga su suke tashi.

Innar Sa'idu ce ta gaya masa ma'anar abin da ya yi, da hannu biyu a ka. Ban je ba, Hure ce ta ba ni labari. Na yi zaton zai zo ya same ni, na shirya amsoshi iri-iri, amma bai zo ba.

Mai gari ya dawo da yammacin Alhamis. Zaure ya cika har waje. Sa'idu na zaune a damansa, ni ina bakin ƙofa. Da aka faɗa masa, sai ya ce a maimaita, ya ɗauka kunnensa ne. Aka maimaita. Sai ya sa gefen rawani ya share ido, abin da ban taɓa gani ba ko ranar da ɗansa ya rasu.

"Ya zaka da yunwa wurina," ya ce, "nik kore shi da nagge."

Ya ɗago ya neme ni da ido har ya same ni.

"Dalhatu. Sa'idu baƙo na, bai san ba. Kai hwa? Kana wurin?"

Tsoho Ɗanjuma yana tsugune a gefe, yana kallona. Na buɗe baki ban san abin da zai fito ba, sai na ji muryar Sa'idu.

"Ya hana ni, ranka ya daɗe." Ya matsa kusa da kunnen mai gari, ya ɗaga murya yadda har na waje za su ji. "Sau biyu yana ce mini kada in taɓa saniyar nan. Ni na ƙi ji. Na ga kamar na fi shi sani, kuma ka ce maganata za a bi, shi ya sa ya yi shiru a gaban mutane. Laifina ne ni kaɗai."

Ɗanjuma ya mayar da kansa ƙasa. Sa'idu bai dube ni ba, ko sau ɗaya.

Mai gari ya yi ajiyar zuciya. "Da ma na san Dalhatu ba shi barin wanga shi wuce." Ya ɗaga hannu. "Taso. Komo wurinka."

Sa'idu ya tashi, ya kakkaɓe buzun da hannunsa, ya koma bakin ƙofa. Na ratsa mutane na zo na zauna. Wurin da ɗuminsa.

Mamuda ya iso ran Jumma'a ya samu tafki ba mai jayayya, takardata ta tsaya yadda na rubuta ta. Sa'idu ya koma Legas ran Asabar, saura sati biyu hutunsa ya ƙare. Jaɓɓi bai sake gangarowa ba. Shekaru da yawa bayan haka, in ana son a nuna illar boko a garinmu, labarin Sa'idu da jar saniya ake bayarwa, a kuma yaba mini a ce ni na yi ƙoƙarin hanawa. Ina ji, ina gyaɗa kai.

Na samu abin da nake so, na zauna a daman mai gari har ya rasu. Amma kullum na naɗe ƙafa a wurin sai in tuna ba ƙwata na yi ba, Sa'idu ne ya miƙo mini shi a gaban jama'a, yana sane da abin da na yi masa. Ko a wannan ma sai da ya fi ni, kuma shi ne abin da har yau na kasa yafe masa.